Kafe: kowa da harshensa, kamfani da rassansa

Kamfanin Starbucks na Amurka ya zarce shaguna 40,000 a duniya cikin shekarar 2024. Duk da wannan ƙarfi, akwai ƙasashen da ya shiga da ƙyar, akwai kuma inda ya shiga ya fito da asara. Labarin cin kasuwarsa da na faɗuwarsa yana bayyana abin da mutum ke biya a haƙiƙa sa'ad da ya miƙa kuɗin kofi guda.

Cikin watan Satumba na shekarar 2018, jama'a suka yi dogon layi a dandalin Cordusio na birnin Milan, ƙasar Italiya, bakin wani tsohon gidan waya da aka gyara aka mai da shi gidan shan kafe. Shi ne shago na farko da Starbucks ya buɗe a Italiya. A lokacin kamfanin yana da shekara 47 da kafuwa, ya kuma riga ya shimfiɗa rassa a ƙasashe fiye da 70, tun daga Japan har zuwa Maroko. Abin mamaki shi ne jinkirin da ya yi kafin ya taka Italiya, alhali kuwa daga can ne ya ɗauko sana'ar tasa. Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani a nan: ba kowa ke da ƙarfin halin kai gishiri Bilma ko albasa Galmi ba.

Tun ranar buɗewa ra'ayin mutanen gari ya rabu. Samari da baƙi masu yawon buɗe ido suka cika wurin suna ɗaukar hoto. Dattawa kuwa farashi suka duba: ɗan finjalin kafe da ake kira espresso, wanda suka saba saya yuro 1, wato sefa 656, a nan an sa masa yuro 1.80, kimanin sefa 1,180. Har wata ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta kai kuka gaban hukuma. Zuwa shekarar 2024 shagunan Starbucks a Italiya ba su kai 100 ba, alhali gidajen kafe na gargajiya sun haura 100,000.

Daga Siyatil zuwa sauran duniya

A shekarar 1971 wasu abokai uku suka buɗe ɗan kanti a Siyatil, arewa maso yammacin Amurka. Soyayyen ƙwayar kafe suke sayarwa, mutum ya saya ya tafi gida ya dafa abinsa. Howard Schultz ya kama aiki da su a 1982. Shekara guda bayan haka aka aike shi Milan wajen wata bajekoli, can ya ga abin da ya canza masa tunani. A kowane lungu akwai ɗan shago, mai haɗa kafe yana tsaye bayan kanta, ya san sunan masu shigowa, ya san wanda ke son sukari da wanda ba ya so, ana gaisawa, ana taɓa hira, a kurɓe finjali a tsaye, kowa ya kama gabansa.

Da ya koma gida masu kantin ba su ɗauki shawararsa da zafi ba, sai ya fita ya buɗe nasa. A 1987 ya dawo ya saye Starbucks ɗungum a kan dalar Amurka miliyan 3.8. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1992, ya buɗe reshe a Tokiyo a 1996, daga nan abin ya zama kamar wutar daji.

Sai dai abin da Schultz ya sayar wa Amurkawa ya bambanta da abin da ya gani a Milan. Ba'amurke ya saba da kafe tsararo cikin babban kofi, yana sha yana tuƙi ko yana aiki. Saboda haka aka ƙara girman kofin, aka yi shi da takarda domin a tafi da shi, aka cika shi da madara da sukari da kayan ƙamshi. A 1995 aka fito da Frappuccino, wanda ake markaɗawa da ƙanƙara. Zuwa 2023 kusan kashi uku cikin huɗu na abin shan da kamfanin ke sayarwa a Amurka mai sanyi ne. Mutumin Milan na 1983 da wuya ya kira wannan kafe.

Sirrin kamfani mai rassa ɗaya ne: abin da aka sha a wannan reshe ya zama daidai da na wancan. Domin a cimma haka, ana sayo ƙwaya daga ƙasashe da yawa a gauraya, a soya ta har ta yi duhu sosai, don doguwar suya tana ɓoye bambancin gona da gona da na shekara da shekara. Na'urar da ke haɗawa ita ke auna komai, yadda sabon ma'aikaci zai iya fitar da kofi irin na tsoho. Daga nan ne gardama take tasowa. Masu kushe suna cewa kafen ya ƙone, ɗanɗanon gawayi ne aka lulluɓe da madara da sukari, ga tsada. Masu yabo kuwa suna cewa aƙalla mutum ya san abin da zai samu. Alhajin Maraɗi da ya sauka filin jirgin saman Dubai ko na Istambul da tsakar dare, bai san gari ba, ba ya jin yare, in ya hango koren tambarin nan ya san akwai kujera, akwai makewayi mai tsabta, akwai wurin sa waya a caji, farashi kuma a rubuce yake, babu ciniki balle cuta. Ga matafiyi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Harshe ba ya da alƙali

Iri biyu na kafe ne suka riƙe kasuwar duniya. Arabika, wadda asalinta tsaunukan Habasha ne, tana son tudu da sanyi, tana da ƙamshi da ɗan tsami. Robusta, irin wadda ake nomawa a Kodibuwa da Yuganda da Biyetnam, tana jure zafi da cuta, ta fi ɗaci, sinadarin kafeyin mai korar barci kuma ya kusa ninka na arabika a cikinta. Masana suna fifita arabika, amma harshen mutum ba ya bin hukuncin masana. Abin da ya tashi da shi yake nema.

Ɗan Italiya yana shan ɗan finjali mai kauri a tsaye, cikin minti ɗaya ko biyu. Mai madara da kumfa, wato cappuccino, na safe ne, wanda ya nemi shi bayan cin abincin rana an san baƙo ne. Baturke yana dafa garin cikin ƴar tukunyar tagulla, ya bar tsakin ya kwanta a gindin finjali. Balaraben Saudiyya, kamar yadda duk wanda ya je aikin hajji ya gani, yana shan gahawa mai ruwan ɗorawa wadda ba a soya sosai ba, da wani ɗan yaji mai ƙamshi da suke kira hel, babu sukari, sai dabino a gefe. A Senegal kafen Tuba ake ji da shi, wanda ake soyawa tare da kimba, ita dai kimbar da matan Hausa ke sa wa kunu da yaji. Mutumin Biyetnam yana tsiyayo robusta mai ƙarfi a kan madarar gwangwani mai zaƙi, abin da ba zai zama baƙo ba ga duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Damagaram.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ganin nasa ne kafe na gaskiya, na saura kuwa wasa ne. Haka masu cin goro suke: wani sai fari, wani sai ja, wani ba ya taɓa komai sai daushe, babu kuma hujjar da za ta raba mutum da zaɓinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wannan ita ce katangar da kamfani mai rassa ke cin karo da ita, domin shi ɗanɗano guda yake ɗauke da shi zuwa ƙasashen da kowace ke da nata.

Inda aka sha kashi, inda aka ci kasuwa

Darasi mafi zafi a Ostireliya aka koye shi. Starbucks ya buɗe reshe a Sidni a shekarar 2000, ya ci gaba da buɗewa da gaggawa har ya kai shago 84. Cikin watan Yuli na 2008 ya rufe 61 a tashi ɗaya. Abin da kamfanin ya raina shi ne cewa tun bayan yaƙin duniya na biyu ƴan ci-rani daga Italiya da Girka sun kai wa Ostireliya na'urar espresso, sun kafa ƙananan shaguna a Melbon da Sidni. Shekara hamsin mutanen ƙasar suna shan kafe mai kyau, a farashi mai sauƙi, daga hannun mutumin da suka sani. Da baƙo ya zo da nasa mai zaƙi, mai tsada, ba su ga abin da ya ƙara musu ba. A 2014 kamfanin ya miƙa sauran shagunan ga wani kamfanin ƙasar. Abin dariya kuma, a 2015 Starbucks ya sa flat white, haɗin da aka san mutanen Ostireliya da Niyuzilan da shi, cikin jerin abin da yake sayarwa a Amurka. Wanda ya je koyarwa ya dawo da karatu.

A ƙasar Sin labarin ya juya. Ƙasar shayi ce, yawancin mutane ba su da wani ra'ayi a kan kafe sa'ad da aka buɗe reshen farko a Bejin a 1999. Babu tsohon ɗanɗano da za a yi kokawa da shi. Abin da aka sayar wa sababbin masu kuɗi na birane shi ne wuri mai faɗi, mai sanyi, inda za a gana da abokin ciniki, da kofi mai tambari wanda riƙe shi a hannu yake nuna matsayi. Zuwa 2024 rassan sun haura 7,000. Amma na gaba bai daɗe shi kaɗai ba. Wani kamfanin ƙasar, Luckin, wanda aka kafa a 2017, ya lura cewa mutane da yawa kafen kawai suke so, ba su da bukatar kujera. Ya buɗe ƙananan rumfuna, a yi oda ta waya, a zo a karɓa, a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai. Ko da yake a 2020 an kama shi da ƙirƙirar lissafin ciniki na ƙarya, ya farfaɗo, a 2023 kuma ya zarce shago 10,000, ya bar Starbucks a baya wajen yawa.

Faransa tana tsakiya. Ƙasa ce mai tsohon tarihin gidajen kafe, tun daga Procope da aka buɗe a Paris a 1686. Amma da Starbucks ya iso Paris cikin watan Janairu na 2004, ya tarar da bango ya riga ya tsage. Gidajen kafe da aka ƙiyasta kusan 200,000 a 1960, bayan shekara hamsin ba su kai 50,000 ba. Ƙauyuka sun yi ƙaura zuwa birni, telebijin ya zaunar da mutane gida, dokar hana shan taba a wuraren jama'a ta 2008 ta ƙara korar wasu. Kafen kansa ma ba abin yabo ba ne a wurare da yawa, domin Faransa ta daɗe tana dogara ga robusta mai arha daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Dattijo bai bar kantarsa ba. Amma ɗalibai, da mata waɗanda ba su sake a tsohon shago mai cike da maza da giya, da masu neman inda za su zauna awa uku da kwamfuta ba tare da sabis ya harare su ba, sun sami wurin zuwa. Kamfanin ya yi shekaru yana asara a Faransa kafin ya tsaya da ƙafafunsa, ya kai ga rassa fiye da 200.

Ƙasashen nan uku magana ɗaya suke faɗi. Inda mai shago na unguwa yake da kaya mai kyau, yake kuma da fara'a, baƙo ba ya samun ƙofa. Inda babu shi, ko kuwa ya yi sakaci da masu zuwa wurinsa, nan reshe yake kafuwa.

Lissafin kofi guda

Ya kamata ɗan kasuwa ya ɗauki alƙalami. Cikin watan Fabrairu na 2025 farashin arabika a kasuwar Niyok ya haura dalar Amurka 4 kowace laba, wato giram 454, tsadar da ba a taɓa gani ba. Dala 4 ta Amurka a lokacin kimanin sefa 2,500 ke nan. In an soya laba guda takan rage nauyi, ta koma wajen giram 380. Finjalin espresso yana cin giram 7. Laba guda ke nan tana ba da finjali 50 da ɗoriya, kowane finjali kuwa ƙwayar da ke cikinsa ba ta wuce ta sefa 50 ba. Wannan a shekarar tsada ne. A 2001, sa'ad da farashi ya faɗi ƙasa da rabin dalar Amurka kowace laba, manoma da yawa a Afirka da Amurka ta Tsakiya ba su mai da kuɗin nomansu ba, amma farashin kofi a shagunan Turai da Amurka bai sauka ba.

To, wanda ya biya sefa 1,180 a Milan, ina sauran 1,130 suka tafi? Sun tafi ga hayar gini a tsakiyar birni, da albashin ma'aikata, da na'ura, da lantarki, da haraji, da talla, da ribar masu hannun jari. Turawa ma ba su ɓoye wannan lissafi ba. A Faransa da Italiya gidajen kafe da yawa suna da farashi biyu ko uku a kan kofi iri ɗaya: na mai tsayuwa a kanta, na mai zama a ciki, da na mai zama a waje bakin titi. Kafen bai canza ba, kujerar ce ake biya.

Sai kuma suna, wanda shi ma haja ne. Habasha ta gane haka. A 2005 gwamnatinta ta nemi a yi mata rajistar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacefe a Amurka, domin kafen waɗannan yankuna ana sayar da shi da tsada a shagunan waje, manomin da ya noma shi kuwa yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Cikin watan Oktoba na 2006 ƙungiyar Oxfam ta zargi Starbucks da sa hannu wajen toshe wannan rajista, ta ce manoman Habasha suna iya rasa har dalar Amurka miliyan 88 kowace shekara. Kamfanin ya musanta. Bayan matsin lamba daga masu saye, aka sasanta cikin watan Yuni na 2007, Starbucks ya amince da haƙƙin Habasha a kan sunayen. Duk mai fataucin albasar Galmi ko kilishi ya san abin da ake nufi: in wani ya riƙe sunan kayanka, ya riƙe rabin ribarka.

Habashawan kansu suna shan kusan rabin abin da suke nomawa. A Adis Ababa akwai kamfanin gida mai rassa, Kaldi's, wanda aka kafa a 2004 da koren tambari mai kama da na Starbucks. Duk da haka a bakin tituna mata suna nan zaune da ƴar butar yumɓu da ake kira jabana, suna soya ƙwaya a gaban mai saye, turaren wuta yana tashi. A cikin gida zagaye uku ake yi, na ƙarshe sunansa baraka, kamar yadda a ƙasar nan ba a tashi daga majalisar shayi sai an sha na uku.

Kujerar ta wa ce?

Tun asali gidan kafe wurin zama ne. Sufayen Yaman na ƙarni na 15 sun sha gahawa domin su raya dare da zikiri. Da ta shiga kasuwannin Makka da Alƙahira da Istambul, sai shagunanta suka zama inda ake jin labari da ƙulla ciniki, har gwamnan Makka ya hana shanta a 1511 saboda tsoron abin da ake faɗi a wuraren. Babbar kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta tashi ne daga shagon kafen wani mutum mai suna Edward Lloyd, inda masu jiragen ruwa ke taruwa a ƙarshen ƙarni na 17. Schultz ya gina tallarsa a kan wannan gado. Ya ce shagonsa wuri na uku ne, bayan gida da wurin aiki.

Ranar 12 ga Afrilu na 2018 aka gwada wannan alkawari a Filadelfiya. Wasu baƙaƙen fata biyu suka zauna a wani reshe suna jiran abokin harkarsu, ba su sayi komai ba tukuna. Mai kula da shagon ta kira ƴan sanda, aka sa musu ankwa aka fita da su. Hoton bidiyon ya zagaya duniya. Kamfanin ya nemi gafara, ya rufe shaguna fiye da 8,000 na rabin yini ranar 29 ga Mayu domin horar da ma'aikata, ya kuma shelanta cewa kowa yana iya zama ko shiga makewayi ko bai saya ba. Cikin watan Janairu na 2025, ƙarƙashin sabon shugaba Brian Niccol, aka janye wannan izini a shagunan Amurka ta Arewa: mai son zama sai ya saya. Babu wanda zai ce ɗan kasuwa ba shi da iko da shagonsa. Amma an fahimci cewa dokar kujerar daga hedkwata take fitowa, ana kuma iya juya ta da takarda guda.

Babban suna yana da wani nauyin kuma. Bayan ɓarkewar yaƙin Gaza cikin watan Oktoba na 2023, mutane da yawa a ƙasashen Musulmi suka ƙaurace wa Starbucks, duk da kamfanin ya ce ba ya ba wata gwamnati ko rundunar soja kuɗi. Cikin watan Maris na 2024 kamfanin Alshaya na Kuwait, mai riƙe da rassan Gabas ta Tsakiya, ya sallami ma'aikata kusan 2,000. Tambarin da ke jawo matafiyi a filin jirgi shi ne ya kori mai saye a Alƙahira da Amman, ma'aikacin da bai san hawa ba bai san sauka ba kuwa ya rasa abincinsa.

Teburin mai shayi

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin nesa ne. Akwai igiyar da ta haɗa shi da tasoshin motar ƙasar nan. A 2018 kamfanin Nestlé ya biya dalar Amurka miliyar 7.15 domin ya sami ikon sayar da kafen Starbucks na fakiti a kantunan duniya. Shi dai Nestlé ɗin ne mai Nescafé, garin kafen da aka fara fitarwa a Suwizalan a 1938, wanda masana'antar kamfanin da ke Abijan ke wadata ƙasashen yammacin Afirka da shi. Ke nan jan gwangwanin da ke kan teburin mai shayi a Tawa ko Yamai shi ma ɗanɗano guda ne da wani babban kamfani ya auna ya rarraba wa duniya. Ta fuskar abin da ke cikin kofi, mai shayi ba shi da abin yi wa Starbucks gori.

Abin da ke hannunsa shi ne sauran. Ya san malamin makarantar da ke son cokali ɗaya da madara mai yawa, ya san direban da zai kwana a hanya yana bukatar cokali biyu babu madara, ya san dattijon da likita ya hana wa sukari ko da shi dattijon ya yi kamar ya manta. Bencinsa ba shi da farashi. Wanda bai da ko dala yana iya zama ya ji labarin duniya, wataƙila ma wani ya ce a haɗa masa. Mutanen Napoli, a kudancin Italiya, suna da irin wannan al'ada: mai hali ya sha ɗaya ya biya biyu, na biyun ya jira wanda ba shi da shi.

Ma'aikatan da suka rayu cikin shekarun 1990 ba su manta ba. An karya darajar sefa da rabi cikin watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, albashi kuma yakan yi wata da watanni bai fito ba. A wancan zamani littafin bashin mai shayi da na mai kanti na unguwa su suka riƙe gidaje da yawa. Babu takardar lamuni, babu sa hannu, sanayya ce kawai. Reshen kamfani ba zai iya wannan ba ko da ma'aikacinsa yana so, domin na'urar lissafi ba ta san wata ya yi nisa ba.

Wannan ba ya nufin mai shayi ya kwanta ya yi barci. Abin da ya ci gidajen kafen Faransa yana iya cin kowa. Kofin da aka ɗauraye cikin bokiti guda tun asuba, ƙudaje a kan madara, benci cikin rana da ƙura, wurin da mace ma'aikaciya ba za ta iya zama ba: duk waɗannan ƙofofi ne da aka bari a buɗe. Matasan birni masu waya a hannu suna neman inuwa da tsabta da wurin caji, a shirye kuma suke su biya. Starbucks ya shiga Masar a 2006, Maroko a 2011, Afirka ta Kudu a 2016. A Kenya kuwa kamfanin Java House, wanda aka kafa a Nairobi a 1999, shi ya cike gurbin tun da wuri. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi wannan lissafi a kan biranen Sahel, baƙo ko ɗan gida.

Ranar da hakan ta faru, gardamar wane kafe ya fi daɗi ba za ta ƙare ba, don ba ta ƙare a Milan ko Melbon ba. Mai son ɗaci zai ci gaba da raina mai son madara. Abin da zai yanke hukunci a kasuwa shi ne wanda ya haɗa tsabtar reshe da sanayyar mai tebur. Hausawa sun riga sun faɗi rabin maganar da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sauran rabin, masu gidajen kafen Faransa da suka rufe ƙofa sun biya kuɗin koyonsa: tabarmar ma sai an kakkaɓe ta.